Malamin Asibitin Unguwa a Zamanin Annoba

Sharhinmu na yau ya shafi wasu bayin Allah ne waɗanda, ko da yake da wuya a sami magidanci a Agege ko Idi-Araba ko Obalende da bai taɓa tsayawa gabansu da kati a hannu ba, amma ba safai ake ambatonsu ba in an tashi lissafa waɗanda suka tari annoba gaba da gaba, wato ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa, irin waɗanda iyayenmu ke kira asibitin sha-ka-tafi: nas-nas, da ungozomomi, da malaman lafiya, da masu gwajin jini, har zuwa kan mai ba da kati da mai shara da mai gadin ƙofa. Abin da nake nufin kafa hujja a kansa shi ne, haɗarin kamuwa da cuta ya fi tsananta a wurin da ba a riga an san sunan cutar ba tukuna, kuma wani babban kaso na kariyar waɗannan mutane yana hannunmu, mu da muke kai musu marasa lafiya.

Bari mu soma da abin da ya auku a nan Ikko, wato Legas, don kada a ce daga wata uwa duniya muka ɗauko misali. Ran 20 ga watan Yuli 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Ikeja daga Laberiya, jikinsa ya riga ya yi nauyi, aka wuce da shi wani asibitin kuɗi da ke Obalende mai suna First Consultants, inda aka fara yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, gama alamun da ya zo da su ba su saɓa da na zazzaɓin da kowa ya sani ba, kuma da aka tambaye shi ko ya kusanci mai cutar Ebola sai ya musanta. Likita Ameyo Stella Adadevoh ce ta yi tuhuma, ta nemi a gwada shi, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, alhali da ta buɗe masa ƙofa ya shiga cikin birnin nan mai miliyoyin mutane, Allah kaɗai Ya san inda abin zai tsaya. Mutum 20 ne aka ƙidaya sun kamu a Nijeriya baki ɗaya, 8 suka rasu, kuma 11 daga cikin 20 ɗin nan ma'aikatan lafiya ne, mafi yawansu kuwa sun ɗauki cutar a kwanakin farko, tun ba a tabbatar da abin da ke damun baƙon ba. Ita kanta likitar ta rasu ran 19 ga Agusta, kafin ita kuma cutar ta kashe wata nas, Justina Ejelonu, wadda ba ta daɗe da kama aiki a asibitin ba. To, in wannan ya sami asibiti mai ƙwararrun likitoci da ɗakunan kwanciya, ina ga ɗan ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa, wanda nas ɗaya da mataimaka biyu ke riƙe da shi tun safe har la'asar?

Duk wanda ya taɓa raka iyalinsa awo ko rigakafi ya san yadda safiyar irin wannan wuri take. Benci uku ko huɗu ne a zaure guda, mata masu juna biyu a jere da masu goyo, ga tsoho mai hawan jini a gefe, ga yaro na ta tari a cinyar uwarsa, taga ɗaya a buɗe ɗaya kuma an kare ta da kabad, fanka tana nan a sama amma babu wuta. Malamar da ke duba su ba ta da hanyar yin aikinta daga nesa, domin dole ta taɓa goshi, ta sa ma'aunin zafi, ta kama yatsa ta tsaga don gwajin zazzaɓi, ta ce yaro ya buɗe baki ta leƙa maƙogwaronsa, shi kuwa yaro ba ya neman izini kafin ya yi atishawa. Cutar korona kuwa, kamar yadda likitoci suka tabbatar, tana bin numfashi ne, ta fito cikin feshin tari da magana, manyan ɗigo su faɗi kusa, ƙanana su yi ta yawo a iskar ɗaki matuƙar iskar ba ta sauyawa; tana iya kwanciya a jiki daga kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, kuma mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamar komai, wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Akwai kuma wata mas'ala da ta keɓanci ƙasashenmu, ita ce gwajin zazzaɓin cizon sauro yana iya nuna akwai shi, a kuwa yi gaskiya, alhali tare da shi akwai wata cutar da ta fi shi sharri, sai malama ta rubuta magani da zuciya ɗaya ta kira na gaba.

Da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, wani Ba'italiye da ya shigo ta Legas, aka kai shi asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba, sai hankalin hukuma da na 'yan jarida ya koma kan cibiyoyin killace majinyata, na Yaba da Onikan da Gbagada da asibitin koyarwa na Idi-Araba, kuma can ne aka fi tura rigunan kariya da takunkumi mai tace iska da tabarau da safar hannu. Ban ga laifin wannan tsari ba ta fuskar hankali, tun da kayan sun yi ƙaranci a duniya duka, har ƙasashen Turai da Amurka suna ta ƙwace a tsakaninsu. Amma a lura da bambancin hali: likitan da ke Yaba ya san duk wanda ke kwance gabansa mai korona ne, saboda haka ba ya shiga sai ya shirya, an kuma koya masa yadda zai tuɓe kayan ba tare da ya shafa wa kansa ba, ita kuwa malamar asibitin unguwa tana ganin mutane da dama a yini, ba ta san wane ne a cikinsu ba, da takunkumi guda wanda wataƙila tun jiya take sa shi. Daga 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja aka ce kowa ya zauna gida, amma haihuwa ba ta san dokar kulle ba, zazzaɓin yara ma haka, don haka waɗannan ƙofofi ba su rufu ba.

A ƙarshen Afrilun 2020 ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce ma'aikatan lafiya 113 sun kamu. A farkon Yuni shugaban hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa na lokacin, Chikwe Ihekweazu, ya ce adadin ya kai 812. A watan Yuli Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiya fiye da 10,000 sun kamu a ƙasashe 40 na Afirka, daga baya kuma ta bayyana cewa, ko da yake a mafi yawan ƙasashe ma'aikatan lafiya ba su kai kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda aka kai mata rahoton kamuwarsu daga cikinsu ne. Sai dai ƙidaya irin wannan tana kama wanda aka gwada ne kaɗai, gwaji kuwa a watannin farko ya fi kusa da ma'aikacin babban asibiti, mai shara a asibitin unguwa in zazzaɓi ya kama ta sai ta sha magani ta kwana biyu ta dawo bakin tsintsiyarta.

Dalilin wannan rauni ya girmi korona. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi cewa lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi, da kuma zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985, aka ɗora ƙananan asibitoci a wuyan ƙananan hukumomi, wato aka ba mafi ƙarancin dukiya a cikin matakan mulki uku aikin da ya fi kowane yawan jama'a. An kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan mataki, shugabannin Afirka kuma tun 2001 suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, alkawarin da Nijeriya ba ta cika ba. Annoba ta zo ta tarar da alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata. Gwamnatin Legas ta ɗaga shi zuwa 25,000 a watan Afrilun 2020, likitoci masu neman ƙwarewa kuma suka shiga yajin aiki a tsakiyar Yuni, kayan kariya da alawus na cikin manyan buƙatunsu. Malamanmu na fiƙihu, cikinsu har da Imam Gazali, sun sanya ilimin likitanci a babin farillar kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi; a ganina kuwa wanda ya ɗauke wa al'umma farilla yana da haƙƙi a kanta wanda ya wuce yabo a jawabin gwamna, mafi ƙanƙantarsa shi ne ruwan famfo da sabulu a inda yake aiki.

Wannan na hukuma ke nan, kuma an sha faɗarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne namu.

Agege gari ne da tafiya ta gina. Goro ne ya kawo kakanninmu, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa musu hanya bayan da dogo ya isa Kano a 1911, zango ya zama unguwa, sa'an nan shanu suka biyo baya, har yau kuwa ba a raba mayankar Oko-Oba da tireloli masu saukowa daga Arewa, kamar yadda ba a raba kasuwar Mile 12 da motocin tumatir da albasa. Hanyar da arziki ke bi ita cuta ke bi, kuma ba yau aka fara ba, domin murar nan mai kisa ta 1918 ta jirgin ruwa ta shigo Ikko a watan Satumba, ta bi dogo da hanyoyin fatake ta watsu cikin ƙasa. A 2020, sa'ad da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, a daidai lokacin da maƙabartun Kano suka cika da jana'izar dattawa a watan Afrilu, an yi ta kama matasa da suka ɓuya cikin motocin shanu da na kayan abinci suna neman ƙetarowa Kudu. Ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira da tafiyar: ya sauka da zazzaɓi da ciwon kai, ya kwana a shago ko a zaure tare da 'yan garinsu, ya je kyamis aka haɗa masa ƙwayoyi, abin ya ƙi, sai aka kai shi asibitin unguwa, malama ta tambaye shi ko ya yi tafiya kwanan nan, ya ce ko kusa. Na san abin da ya sa ya faɗi haka, ba na kuma raina dalilinsa: mutum ne wanda in bai fita yau ba ba zai ci ba, yana jin in aka ɗauke shi zuwa Yaba ya rabu da kowa nasa, yana kuma tsoron a ce ga Bahaushe ya kawo wa mutane cuta, a garin da ba ya rasa masu neman abin faɗa a kansa. Duk da haka amsar nan guda ita ce ta hana malamar ta sa masa takunkumi, ta fitar da shi daga cikin masu ciki, ta ƙara wa kanta kariya, ta kira waɗanda za su zo su gwada shi.

Akwai kuma ɗabi'unmu waɗanda a zaman lafiya abin yabo ne, a zamanin annoba kuma sukan juye su zama lalura. Bahaushe mai dauriya ne, ko numfashi yana sarƙe masa in ka ce yaya jiki sai ya ce da sauƙi. Matar aure sau da yawa ba ita ke bayanin ciwonta ba, maigida ne ko ƙanin miji, shi kuwa abin da ya gani zai faɗa, in kuma malamar Bayarabiya ce da ba ta jin Hausa, majinyaciyar ba ta jin Yarbanci ko Turanci, sai a kira wani yaro daga waje ya yi tafinta, rabin magana ta zube a hanya, kunya ta cinye sauran. Sa'an nan ga 'yan rakiya: mara lafiya ɗaya, mutum biyar a bayansa, kowa ya shiga ɗakin likita don kada a ce bai damu ba, alhali kowane ƙarin mutum ƙarin numfashi ne a ɗakin da iskarsa ba ta fita. Zumunci da dubiya sunna ce mai lada, ba ni da ja a kan haka, amma ladan bai dogara da sai an cika ɗaki ba.

Mun ji kuma waɗanda suka ce korona cutar manya ce, ta masu hawa jirgin sama, musamman bayan rasuwar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, a wani asibitin Legas ran 17 ga Afrilu 2020, da waɗanda suka ce sa takunkumi raunin tawakkali ne. Na farko, amsarsu tana wurin ma'aikatan da suka kamu ba su taɓa taka jirgi ba. Na biyu kuwa, almajiran makarantar Markaz da na makarantun zaure na Agege sun fi ni sanin abin da ya faru a shekara ta 18 bayan hijira, lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annobar Amwas a hanya, ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya yanke a koma Madina, Abu Ubaida ya yi masa inkari, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah, sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da fita daga cikinsa. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal sun rasu a wannan annoba, Allah Ya ƙara musu yarda, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa ta lafa ne bayan da Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Riƙo da sababi ke nan daga waɗanda ba wanda zai tuhumi imaninsu. In kuwa shari'a ta hana mai sayar da hatsi ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, alhali asarar dukiya ce kawai, yaya hukuncin wanda ya ɓoye wa mai yi masa magani abin da zai iya halaka ta, ita da 'ya'yan da za ta koma wa da yamma?

Kada kuma mu manta cewa a unguwanninmu akwai ƙofar da ake bi tun kafin ta asibiti. Mai kyamis, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne, shi ke fara ganin mai zazzaɓi a shagon da bai fi taku uku ba. Ungozomar gida ita ke karɓar haihuwa da hannu tsirara. Wanzami yana ƙaho yana taɓa jini. Mai wankan gawa shi ne na ƙarshe. Ba sa cikin lissafin ma'aikatan lafiya, ba wanda ya raba musu safar hannu, amma ga cututtukan da ke bin jini da ruwan jiki, irin Ebola da zazzaɓin Lassa, su ne a sahun gaba. Shi zazzaɓin Lassa ma ta kan masu jinya aka fara saninsa, a 1969, sa'ad da ya kashe wata nas 'yar mishan da ke aiki a garin Lassa na ƙasar Borno da wata da ta yi jinyarta a Jos, kuma a Janairun 2020, ana saura 'yan makonni korona ta iso, ya kashe likitoci biyu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kamuwar ma'aikaci ɗaya a ƙaramin asibiti ba ta tsayawa a kansa. Abokan aikinsa, waɗanda suke cire takunkumi su ci abinci tare a ɗan ɗaki guda, dole a killace su, wurin kuwa ba shi da wasu a ajiye, sai a wayi gari an sa kwaɗo, uwa ta zo da jariri ranar rigakafin ƙyanda ta koma, mai naƙuda ta haihu a gida ko a nufi babban asibitin Orile-Agege da ita cikin dare. Wannan ne ya sa, da allurar rigakafin korona ta iso Abuja ran 2 ga Maris 2021, kusan allurai miliyan 4, aka fara da ma'aikatan lafiya, wanda aka soma yi wa ma likita ne, Cyprian Ngong, ran 5 ga watan. Wasu sun ga kamar son kai ne, ni kuwa ina ganin in an kare mai riƙe da mabuɗin asibiti an kare duk masu shiga.

Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa saboda korona, tun kafin nan ma bokitan wanke hannu suka ɓace daga ƙofofi, wasu an mai da su na wanki. Amma gyaran da ya fi amfani yanzu ne lokacinsa, yawancinsa kuwa bai fi ƙarfin unguwa ba: rumfa a waje inda masu tari da zazzaɓi za su zauna daban da masu awo, tankin ruwa a bakin ƙofa, kafinta ya buɗe tagar da aka toshe, kwalin takunkumi da za a miƙa wa duk mai tari tun daga wurin kati. Tsarin lafiya na ƙasa ya tanadi kwamitin raya gunduma mai sa ido kan kowane ƙaramin asibiti, kuma ya kamata fadar Sarkin Hausawan Agege da limamai da shugabannin dillalan shanu da na 'yan goro su tambayi kansu ko suna da wakili a cikinsa, in babu su nema, domin mutanen da suke haɗa kuɗi su gina masallaci mai bene ba za su kasa haƙa wa asibitin da matansu ke haihuwa rijiyar burtsatse ba. Kwalejin koyon aikin lafiya ta Jihar Legas tana nan a Yaba, 'ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci tun suna ƙanana. In kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya ko biyu, za a wayi gari matar da ta sauka daga Funtuwa ko Illela ta tarar da mai tambayarta da harshenta, a keɓe, ina ta fito da yaushe tarin ya fara.